Gargaɗi ga masu neman iyafis mai araha don sauraron kiɗan metal

Jama'a a yi hattara da masu tallar iyafis a Facebook da Instagram da TikTok, waɗanda ke ɗora hoton Sennheiser IE 600 ko Shure SE215 su sa masa kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Farashin IE 600 na gaske ya kai wajen dala 700 lokacin da ya fito a 2022, SE215 kuma wajen dala 100 ne. Duk wanda ya ce zai ba ka ɗayansu a kan kwatankwacin dala 15, har da kuɗin aikowa, jabu yake sayarwa, ko kuma babu kayan ma gaba ɗaya.

Zancensu kusan iri ɗaya ne. Za su ce orijina ne, daga kamfani aka fito da shi ta bayan fage, kwali ne kawai babu. Ko su ce kwantena ce ta iso ana karya farashi, saura guda uku. Daga nan sai a ja ka zuwa WhatsApp, a ba ka asusun wani mutum wanda sunansa bai yi daidai da na shagon ba, a ce ka tura kuɗi a sa maka a mota. Wasu da sun ga alat sai su toshe lambarka. Waɗanda suka fi wayo kuwa za su aiko da kayan, domin sun san mafi yawan mutane da sun ji bes yana dukan kunne sai su gamsu.

A nan ne mai sauraron metal, wato kiɗan nan mai ƙarar jitar lantarki da ganga mai gudu, ya fi kowa cutuwa, domin kiɗan ba ya rufa wa iyafis asiri. Mai ganga yana taka fedal biyu, kuma a waƙa mai gudun bugu 200 a minti ɗaya, dukan babbar ganga yana iya wuce 13 a daƙiƙa guda. Dole kunne ya ji kowane duka daban. Jabu yakan kumbura sautin da ke tsakanin 100 zuwa 300 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) don a ce yana da bes, sai dukan gangar ya cakuɗe ya zama gurnani ɗaya, ya danne jitar bes, ya laƙume kaurin jitar lantarki. Ta sama kuma, wajen 5,000 zuwa 8,000 Hz inda kugen ganga yake, sai ya yi tsini. Ka ƙara murya don ka ji jita, kuge ya soke maka kunne. Ka rage, komai ya dushe. Ƙara muryar nan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga babban mutum shi ne kada ƙarfin sauti na desibel 80 ya wuce awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu.

Wani tarkon shi ne ƙirgen sifika. Za ka ga an rubuta sifika takwas ko goma a kowane kunne, a kuɗi kaɗan. Yawan sifika ba shi ne kyan sauti ba. A 2022 masu bin diddigin kayan sauti sun farke wasu iyafis masu araha, suka tarar wasu daga cikin ƙananan sifikun da ke ciki kusan ba sa ƙara komai a sautin da ke fita. Sifika ɗaya mai milimita 10 da aka daidaita da kyau ta fi tarin da aka cusa don talla.

Abin takaicin shi ne, da kuɗin da ake zubarwa a jabu ana iya sayen na gaske. Moondrop Chu II, da 7Hz Salnotes Zero, da Tangzu Wan'er duk suna wajen dala 20, 7Hz Zero:2 kuma wajen dala 25. Dukkansu sifika ɗaya ce a kowane kunne, kuma igiyarsu ana cire ta, mai fil biyu na milimita 0.78, saboda haka in ta tsinke sai a sauya ta kawai. A ganinmu Zero:2 ya fi sauƙi a kunne ga mai daɗewa yana saurare, don yana da kauri a ƙasa kuma samansa ba ya yanka. Salnotes Zero na farko ya fi shi tsabtar jita amma gangarsa ba ta da nauyi sosai. A duba farashin a shagon kamfanin na AliExpress ko wurin dillalai irin su Linsoul da HiFiGo, a lissafa da canjin ranar, a ƙara kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa. Abin da ya faɗo ƙasa da wannan lissafi nesa ba kusa ba, a bar shi.

Kada a dogara da kwali ko tambari ko lambar da ke jiki, duk ana kwaikwayonsu. Gwaji shi ne magana, kuma kafin a biya. In a shago ne, kamar a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko in mai kawowa ya iso, a kunna saitin da ke haɗe sautin hagu da dama ya zama ɗaya, wanda ke cikin wayoyin Android da iPhone. Muryar mawaƙi ta tsaya a tsakiyar kai cak. In ta karkata gefe, sifikun ba su daidaita ba. In ta watse ka kasa gane inda take kuma bes ya ɓace, an juya haɗin wayoyin lantarki na kunne ɗaya. Sai dai a fara tabbatar da robar kunnen ta toshe sosai, kuma a duba ko an sa filan igiyar daidai, don waɗannan ma suna kawo haka ko a na gaske. Bayan nan a kunna sautin gwaji mai hawa daga 20 zuwa 20,000 Hz da murya ƙasa-ƙasa, a saurari karkarwa ko zizar da ba ta cikin sautin.

Mai gyaran waya ma zai iya auna iyafis ɗin da mitarsa ta gwajin lantarki, wadda ke nuna tirjiyar sifika da ma'aunin om. A kan fulogi mai milimita 3.5 marar makirfo, tsinin na hagu ne, zoben tsakiya na dama, gindin kuma na haɗin duka biyu. In akwai makirfo, zobe na biyu ne na haɗin a yawancin na yanzu. Ga mai sifika ɗaya, abin da mita ta nuna ya kamata ya yi kusa da abin da kamfani ya rubuta: SE215 om 17, Chu II om 18, Salnotes Zero om 32. Hagu da dama su zo kusan ɗaya. Dacewar lamba ba ta tabbatar da orijina ne, amma saɓani mai yawa ya isa dalilin fasa ciniki.

In ta intanet za a saya, kada a fita daga manhajar a biya a gefe, ko da an yi alkawarin ragi, domin da ka fita kariyar mai saye ta faɗi. A ɗauki bidiyon buɗe kunshin tun daga lambar aikowa ba tare da yankewa ba, kuma kada a danna cewa kaya sun iso lafiya sai an gama gwaji. Wanda ya riga ya tura kuɗi aka toshe shi, ya kira bankinsa nan take ya ba da lambar cinikin, ya adana hoton hirar da rasit da lambar asusun, ya kai ƙara wurin 'yan sanda, in a Najeriya yake ya shigar da koke ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, sannan ya kai rahoton shafin a manhajar da ya ga tallar.