Sharhi: Yadda na bi sawun 'yan ƙwallon Sewanee na 1899 a Chronicling America

Chronicling America rumbu ne na tsoffin jaridun Amurka a intanet, wanda Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin ƙasar yake kula da shi. Akwai miliyoyin shafuka a ciki, kuma kyauta ne: ba rajista, ba katin banki. Wannan kaɗai ya sa na ba shi maki mai yawa, domin kafin na same shi na biya kuɗi a wani shafi mai irin wannan aiki, suka ci gaba da cire mini kuɗin wata ba tare da sanarwa ba, sai da na sha wahala kafin na raba gari da su.

Abin da ya kai ni rumbun labarin wata ƙaramar jami'a ce a kan tsauni a jihar Tennessee, wato University of the South, wadda kowa ya fi sani da Sewanee. Ɗalibanta a lokacin ba su fi ɗari uku da 'yan kai ba. A kakar 1899 ƙungiyarta ta ƙwallon Amurka, wadda ta yi kama da zari-ruga, ta buga wasa 12 ta ci 12. Ta zura maki 322, aka zura mata 10 kacal. Na daɗe ina jin wannan labari a dunƙule, kuma duk mai ba da shi yakan ƙara masa gishiri. Ni kuwa so nake in ga yadda aka rubuta shi a makon da abin ya faru, tun kafin ya zama tatsuniya.

A nan rumbun ya biya mini buƙata. Kana iya taƙaita bincike da jiha da kuma kwanan wata, don haka sai na riƙa bin jirgin ƙasan da ya ɗauke su, gari bayan gari. Ranar 9 ga Nuwamba suna Austin, suka doke Jami'ar Texas da ci 12 da nema. Washegari suna Houston, suka ci Texas A&M 10 da nema. Ranar 11 sun isa New Orleans, suka lallasa Tulane 23 da nema. Lahadi suka huta. Litinin 13 ga wata a Baton Rouge suka yi wa Jami'ar Jihar Louisiana (LSU) 34 da nema, Talata kuma a Memphis suka rufe da Jami'ar Mississippi (Ole Miss), 12 da nema. Wasa biyar cikin kwana shida, tafiyar mil 2,500, kusan kilomita 4,000, ba wanda ya zura musu ko maki ɗaya.

Idan ka karanta wannan a jere kamar yadda na rubuta, lambobi ne kawai. Amma idan ka buɗe shafin jarida na ainihi, ka ga rahoton wasa a matse tsakanin tallar maganin tari da farashin auduga, da jerin sunayen 'yan wasa goma sha ɗaya a ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe, sai jikinka ya ba ka cewa mutane ne masu jini da tsoka. Yara ne matasa da suka kwana a jirgi, suka tashi da tsamin jiki, suka sake shiga fili. Ka tuna kuma dokar wasan a wancan zamani. Ba a jefa ƙwallo gaba, sai a 1906 aka halatta hakan. Ana ba ka dama uku ka ci yadi biyar, don haka wasan duk ture-ture ne da karo, ƙirji da ƙirji. Kai ƙwallo bayan layin abokan hamayya maki biyar ne. 'Yan wasa ɗaya ne ke kai hari su kuma tsare gida, kuma wanda aka fitar ba ya komawa. Ga shi ba wata hular kwano ta kirki. Wallahi na tausaya musu fiye da yadda na yi mamakinsu.

Dalilin tafiyar ma ya fi fitowa fili idan ka ga yadda jaridun lokacin suka damu da yawan 'yan kallo. Kuɗi ne. Sewanee ta samu saɓani da Jami'ar Vanderbilt kan rabon kuɗin ƙofa, wasan da ya fi kawo mata riba ya faɗi, sai manajan ƙungiyar, wani ɗalibi mai suna Luke Lea, ya shirya wannan doguwar tafiya don cike giɓin. Shi ne daga baya ya zama sanatan Amurka. Kocinsu Billy Suter ne, kyaftin kuma Henry Seibels, wanda ake wa laƙabi da Ditty.

Akwai abin da rumbun ba zai iya gyarawa ba, domin ba laifinsa ba ne, laifin zamanin ne. Jaridun kudancin Amurka na lokacin wariya ba su cika ba baƙaƙen fata wuri a irin waɗannan rahotanni ba. Cal Burrows, baƙar fata da ya bi ƙungiyar yana yi wa 'yan wasa tausa tsakanin wasa da wasa, a tarihin da aka rubuta daga baya ne sunansa ya fi fitowa. Ni a ganina, wanda ya riƙa murza waɗannan ƙafafu da dare don su iya tsayawa da safe yana da kaso a kowace nasara, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Ga mai son gwadawa, ga abin da na koya. Na'ura ce ke karanta rubutun shafukan, kuma takardar da ta haura shekara ɗari tawadarta ta dusashe, don haka wani lokaci kalmar tana nan amma bincike bai kamo ta ba. Idan ka san ranar, gara ka buɗe jaridar washegari ka bi shafi-shafi da idonka. Ka gwada rubuta sunan wasan a rabe, kalma biyu, wato "foot ball", yadda suka saba rubuta shi a da. Ba kowace jaridar Amurka ke ciki ba, tunda jihohi ne ke zaɓar waɗanda za a saka, amma rahoton wasa yakan yaɗu ta wayar tangaraho, sai ka tsince shi a jaridar wani gari mai nisa. Shafukan suna da nauyi kuma rubutun ƙanana ne, kwamfuta ta fi waya daɗin karatu. Kana iya sauke shafi ka ajiye, ni haka na yi don kada data ta ƙare.

Idan lokacinka kaɗan ne, kada ka tsaya kan tafiyar kwana shidan kawai. Nemi rahotannin 30 ga Nuwamba a Montgomery, inda suka haɗu da ƙungiyar Auburn ta koci John Heisman. Ita kaɗai ce ta zura musu maki a duk kakar, aka tashi 11 da 10. Bayan kwana biyu suka je Atlanta suka ci North Carolina 5 da nema, kakar ta ƙare.