Motar Kwana ta Hannu a Ingila: Mai Ɗaki Daga Kamfani ko Bas ɗin Kaya da Aka Gyara?

Ɗan'uwa, ka ce kana zaune a Birmingham, fam 7,000 ne a hannunka, kuma kana son motar da za ku riƙa fita yawo da ita kai da uwargida da yara biyu, ku kwana a ciki. Biyu ka gani sun kwanta maka a rai: tsohuwar mota mai ɗaki ta 1999 da kamfani ya ƙera a kan Fiat Ducato, da kuma Ford Transit ta 2011 wadda wani ya saya a matsayin motar kaya ya mayar da ita ta kwana da hannunsa. Ni dai Transit ɗin zan ɗauka, amma da sharaɗi guda wanda in bai cika ba gara ka bar ta.

Mu fara da mai ɗakin, don ita ce ke saurin sace zuciya. Kana shiga za ka ga gado a saman direba, ga kicin, ga firji, ga bayi, kuma mutum na tsayawa a miƙe. Ga Musulmi wannan ba ƙaramin abu ba ne: ruwan alwala na kusa, abinci kuma ku dafa naku, ba sai an yi ta neman halal a ƙauyen Wales ba. Matsalarta a cikin bango take. Irin waɗannan motoci na wancan zamani galibi firam ɗin katako ne aka lulluɓe da alminiyam, aka liƙe mahaɗa da danko. Danko ya tsufa ya tsage, ruwan sama na Ingila da ba ya hutawa ya riƙa shiga ta gefen taga da ta rufi, katako ya ruɓe a ɓoye shekara da shekaru. Kamar ɗakin ƙasa ne da aka yi wa shafe mai kyau alhali gara ta cinye azara. Gyaran irin wannan ɓarna sai an ɓaɓɓake bango, kuma kuɗin aikin yana iya wuce kuɗin motar kanta.

Saboda haka in za ka je duba ta, ka tafi da na'urar auna danshi, ba ta da tsada. Ka danna bango da yatsa a kusurwoyi, da cikin kabad na sama, da ƙarƙashin tagogi, da kan gadon nan na saman direba. In ka ji laushi, ko ƙasa na lotsawa a ƙarƙashin ƙafarka, ko warin rima ya buge ka, ka yi sallama. In ka tarar an fesa turare an buɗe tagogi tun kafin ka iso, ka ƙara sa ido. Ka nemi takardar binciken ɗaki ta shekara-shekara, wanda ake duba gas da lantarki da danshi. Gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da doka ta wajabta, ba ya taɓa wannan ɓangaren ko kaɗan.

Ita Transit jikinta ƙarfe ne gaba ɗaya, ciwonta tsatsa. An san ta da shi, musamman da yake ana zuba gishiri a tituna lokacin sanyi. Amma tsatsa ba ta iya ɓuya kamar danshi. Ka shimfiɗa kwali ka kwanta a ƙarƙashinta da tocila, ka duba shasi da dakalin ƙofa da bakin tayoyi. Baƙin fenti sabo a ƙasan tsohuwar mota abin tuhuma ne. Kafin ma ka tashi daga gida, ka sa lambarta a shafin gwamnati na tarihin MOT, kyauta ne, zai nuna maka abin da aka yi ta ƙorafi a kai kowace shekara da nisan da ta yi. Ƙaramar tsatsa mai walda zai yanke ya ɗinke. Kayan gyaranta kuma ko'ina akwai, kowane bakanike ya san ta. A nan ne ta fi wa mai ƙaramin ƙarfi sauƙi, domin taga ko ƙofar ɗakin wata mota ta 1999 sai ka yi wata kana nema.

Sharaɗin da na ambata shi ne kujerun yara. Yawancin motocin kaya kujeru uku ne a gaba, ku kuma ku huɗu ne. Masu gyaran gida da yawa sukan ƙera benci na katako a baya wanda ke zama gado da dare, wasu har su ɗaura masa bel. Wallahi kada ka ɗora yaranka a kan wannan. Dole kujerar baya ta zama wadda aka gwada da karo, mai bel nata, an ɗaure ta da ƙarfen motar yadda ya kamata, kuma akwai takardar wanda ya kafa ta. Mai ɗakin ma ka ƙirga bel ɗinta: sau da yawa wurin kwana huɗu ne amma bel biyu kacal, sauran kujerun suna kallon gefe. Haka nan aikin gas na mai gyaran gida, sai ma'aikaci mai rajista ya duba, kuma ka saka na'urar gargaɗin iskar nan mai kisa marar wari kafin kowa ya kwana a ciki.

Batun harajin hayaƙi kuwa, wanda wasu birane ke karɓa daga tsofaffin motocin da ke yawo a cikinsu, duka biyun za su biya, don babu wadda ta kai matakin tsaftar hayaƙi na Euro 6 da ake nema a kan dizal. Tsakiyar Birmingham fam 8 ne a rana tun 2021, Landan kuma fam 12.50, kuma daga Agustan 2023 dokar ta mamaye dukkan unguwanninta. In gidanka na cikin da'irar da ake biyan harajin, wannan lissafin kaɗai zai iya rusa shirin. Ka gwada lambar motar a shafin hukuma tukuna.

Nauyi ma abin dubawa ne. Lasin ɗin ƙaramar mota da aka samu daga 1997 zuwa yau kilo 3,500 ne iyakarsa, kuma kowace mota tana da nata iyakar a rubuce a jikin farantinta. Mai ɗakin ta riga ta yi nauyi tun tana wayam, to ga mutum huɗu, ga tankin ruwa, kowace lita kilo guda, ga tukwanen gas. Ka roƙi mai ita ku kai ta sikelin manyan motoci. Sannan ina za ka ajiye ta? A layukan Birmingham da gidaje ke manne da juna, doguwar mota mai faɗi rigima ce da maƙwabta, ko kuma ka biya kuɗin wurin ajiya duk wata. Transit tana iya zama motar cefane da zuwa aiki, motar da ake tuƙawa kullum kuwa ta fi wadda ke kwance wata shida lafiya.

Inda mai ɗakin ta yi nasara shi ne jin daɗi, ba gardama. Mutum huɗu a cikin Transit matsi ne, sai kun haɗa da tanti a gefe. In ka samu wadda ta bushe ƙayau, da takardu, da bel huɗu, ba zan hana ka ba, sai dai a wannan farashi irinta ba ta da yawa.

Kowace ka zaɓa, kada ka zuba fam 7,000 duka a ciniki. Ka riƙe kamar 1,500 don inshora da tayoyi da batir. In Ducato ce, ka tambayi yaushe aka canja bel ɗin taimin na inji, in babu rasit ka ɗauka ba a canja ba. Ka kira kamfanin inshora kafin ka biya, don ba kowanne ke karɓar motar da aka gyara a gida ba. Ka biya kuɗin binciken ko akwai bashi a kan motar, ka ga takardar rajistarta, wato V5C, da idonka, ka daidaita lambar shasi da ta jikin motar, a ƙofar gidan mai sayarwa. Duk wanda ya ce ka turo kafin alƙalami kafin ka ga mota, wai yana tafiya ko za a kawo maka har gida, ka toshe lambarsa.