Agogon juyin inji a tsohuwar a-kori-kura: waya kai tsaye ko akwatin daidaita sigina?

Masu sauya allon agogo na tsohuwar a-kori-kura sun sha tambayata: don agogon juyin inji ya yi aiki, su ja waya kai tsaye daga kwayil (na'urar da ke ba fulogi wuta), ko su sa ƙaramin akwatin daidaita sigina a tsakani?

Wajen kuɗi da sauƙi, waya kai tsaye ce a gaba. Waya ɗaya ce daga ƙafar kwayil mai alamar ragi zuwa bayan allo, shi ke nan. Akwati kuwa saye za ka yi, ka ba shi wuta da as (wayar da ake haɗawa da jikin mota), sannan ka saita shi.

Amma agogon bugun wuta yake ƙirgawa. Inji mai silinda 4 yana bugu 2 a kowane juyi, mai 6 yana 3, mai 8 yana 4. Ka ɗora allon mai silinda 6 a kan inji mai 4, yana juyi 3000 a minti allura za ta nuna 2000. Akwati na gyara wannan lissafi, waya ba ta iyawa.

Haɗarin waya kai tsaye ya fi damuna. Ƙarfin wutar ƙafar kwayil kan yi tsalle zuwa ɗaruruwan bolt, alhali allon da aka ƙera don karɓar sigina daga ƙwaƙwalwar mota (kwamfutar inji) bolt 5 ko 12 ya saba da shi. Yana iya ƙonewa, kuma samun irinsa wahala ne.

Wanda allonsa da injinsa zamani ɗaya ne, silinda daidai, waya ta ishe shi. Mai haɗa sabon allo da tsohon inji, ko mai dizal da ba shi da kwayil sai ya ɗauko sigina daga altaneta, akwati ya fi dacewa da shi.