Sauya wa Hamsta Keji: Sabuwar Shimfiɗa Zalla ko Haɗawa da Tsohuwa?

'Yar'uwarmu ta yi tambaya cewa ta sayo wa hamstarta, wato wata ƙaramar dabba mai kama da ɓera da ake kiwo a gida, keji mafi girma, kuma tana son sanin wanne ya fi: ta wanke komai ta zuba sabuwar shimfiɗa fil (abin da ake zubawa a ƙasan keji domin dabbar ta haƙa ta kwanta), ko kuwa ta kwaso tsohuwar shimfiɗar tare da dabbar. A ganina hanya ta biyu ce ta fi, ko da yake akwai yanayin da ta farkon ce kaɗai ta dace.

Dalilin yana cikin halittar dabbar. Hamsta ba ta da ƙarfin gani, da hanci da gashin baki take gane muhallinta. Irin da aka fi kiwo, wato hamstar Siriya, wadda aka kamo kakanninta a kusa da birnin Halab a shekarar 1930, tana da wasu 'yan tabo a kwiɓinta biyu masu fitar da ƙamshinta, kuma za ki lura tana goga jikinta a bangon keji domin ta bar shaidar cewa wurin nata ne. A daji ita kaɗai take zama cikin rami mai zurfi, inda take da makwanci da kuma ma'ajiyar abinci.

Hanyar farko tana da daɗin kallo, domin kejin yana fes kuma babu wari, amma amfanin na mai kiwo ne. Ita dabbar, a lokaci guda ta rasa ƙamshinta da makwancinta da abincin da ta yi ta jido a kumatunta tana tarawa, kamar manomin da ya wayi gari ya tarar babu rumbunsa. Shi ya sa ake ganin hamstar da aka yi wa haka tana ta zagaye ba hutawa, tana gwaguyar ƙarafunan keji, tana ƙin abinci, wani lokaci ma ta ciji hannun da ta saba da shi. Haɗarin ya fi yawa ga ƙananan da ba su daɗe da yaye ba, domin firgici yana cikin abubuwan da ke buɗe ƙofa ga wani mugun zawo mai jiƙa gindin wutsiya, wanda yake iya kashe su cikin kwana 2 zuwa 3 idan ba a garzaya wurin likitan dabbobi ba.

Hanya ta biyu ba ta nufin kwaso ƙazanta. Abin da ake zubarwa shi ne kusurwar da take fitsari da duk wani ɗanyen abinci da ya fara ruɓewa. Busasshiyar shimfiɗar kuwa, sai a ɗebi kamar sulusi zuwa rabi a barbaza a saman sabuwar. Kayan sheƙarta a ɗauke su yadda suke a mayar cikin ɗan ɗakin da take kwana, a zuba mata busasshen hatsin da ta ɓoye a gefe, sannan a kawo keken gudunta (ƙawanyar da take shiga tana juyawa da gudu) da kwanon abincinta ba tare da an wanke su ba. Idan hali ya yi, a jera su kusan yadda suke a tsohon kejin. Aibin wannan hanya kaɗan ne: kejin ba zai yi kyan sabon abu ba, kuma dole a jinkirta babbar shara na 'yan makonni.

Inda hanyar farko ta zama tilas shi ne idan hamstar ta yi rashin lafiya mai yaɗuwa, ko ƙwari sun shiga shimfiɗar, ko shimfiɗar ta yi fumfuna. Haka kuma idan kejin na hannu ne, wata hamstar ta taɓa zama a ciki, to sai an wanke shi sosai ya bushe, domin warin baƙuwa ya fi rashin wari tayar mata da hankali.

Ko wacce hanya kika zaɓa, ki yi ƙaurar da magariba bayan ta farka da kanta, tun da yake da rana take barci. Kada ki cafko ta daga sama, domin haka shaho yake yi. Ki kwantar da kofi a gabanta, idan ta shiga ki rufe bakinsa da tafin hannu ki kai ta. Shimfiɗar ta yi zurfi yadda za ta iya haƙa rami: wani bincike a Jami'ar Bern ta ƙasar Suwizalan ya nuna cewa gwaguyar ƙarfe tana raguwa idan zurfin ya kai santimita 40. Ki ajiye kejin a inda tsohon yake, nesa da hasken rana, domin zafi yana wahalar da ita ƙwarai. Daga nan sai ki ƙyale ta na 'yan kwanaki, ruwa da abincin da ta saba kawai za ki riƙa sa mata, kuma ki hana yara taɓa ta har sai kin ga ta koma hawa kekenta da dare.