Ku yi hattara da mai tallar "matakai 12 na daina shaye-shaye a Musulunce"

Jama'a, akwai wani mutum da ke tallar shirin raba matasa da ƙwaya a Facebook da WhatsApp. Ya cinye mana naira 185,000. Dubu ɗari da tamanin da biyar, har da kuɗin awakin Inna a ciki.

Ƙanena ne ke shan tramadol. Da kodin ya fara, da gwamnati ta hana shi a 2018 sai ya koma ƙwaya. Mun yi addu'a, mun yi faɗa, mun yi kuka.

Kada wani ya zo yana ce min ban yi bincike ba. Na yi! Matakan nan 12 ba ƙarya ba ne. Na ƙungiyar Alcoholics Anonymous ne, ta masu ƙoƙarin daina shan giya, wadda aka kafa a 1935 a garin Akron na Amurka. Musulmin Baltimore kuma suka daidaita su da addini a 1989, suka kira tafiyarsu Millati Islami. Mutumin ne ya gaya min duk wannan, na shiga intanet na ga haka yake. To, ta ina zan gane?

Har yanzu saƙon muryarsa na farko yana min yawo a kunne: "Hajiya, ba kuɗinki nake nema ba, ceton yaron nan nake nema." Ya jawo aya, ya yi bayanin tuba da mayar da haƙƙi, a natse, ba gaggawa. Sai da na yi hawaye. Ba kuɗinki nake nema ba! Washegari na tura 60,000 na rajista.

Sannan 50,000. A'a, kafin nan akwai 75,000 na wani garin magani da ya ce daga Masar ake kawo shi. Ƙulli ne a leda, ko suna babu. Ya ce yaron ya yanke ƙwaya rana ɗaya ya koma shan wannan. Yaron ya kwana yana rawar ɗari da amai, sai asibiti muka kwasa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mataki na 4 da na 5. A tsarin asali, mutum zai rubuta laifukansa, ya faɗa wa mutum ɗaya da ya amince da shi, a sirrance. Shi kuwa ya sa ƙanena ya turo masa komai a rubuce. Yaron ya buɗe cikinsa, har abin da ya ɗauka a ɗakin Inna ya rubuta. Da wannan takardar mutumin ya karɓi 50,000 ɗin, wai ko mu biya ko ya watsa ta. Muka biya, ya toshe lambata. Mai jawo aya ne ya yi wannan. Allah ya isa!

Ashe masu tsarin na gaskiya ba sa karɓar kuɗin shiga, matakan ma kyauta suke a intanet. Mu 185,000 muka biya.

Kada ku tura ko sisi, kada ku tura sirrin kowa. Ku kai mai shan ƙwaya asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnati ko sashen shawara na NDLEA.

Rasit da hotunan hirarmu duk suna wayata. Zan ɗora su da zarar na goge sunan ƙanena.