Yaya, kada a ɗaga Inna daga ɗakinta

Yaya, ina gaisuwa, ya jikin Inna? Na saurari saƙonka har sau uku, inda ka ce tunda gigin tsufan ya yi ƙarfi, a ɗauko ta daga Jekadafari a Gombe a riƙa karɓa-karɓa, wata uku wurinka a Abuja, wata uku wurin Adda a Bauchi. Ka kuma ce in faɗa muku yadda Turawa suke yi da nasu. Tun 2022 da Ingila ta buɗe biza ga masu kula da tsofaffi nake wannan aiki a Bradford, don haka abin da hannuna ya taɓa zan gaya maka.

Da bin gida-gida na fara. Kamfani zai turo maka jerin sunaye a waya, kowane tsoho minti 30, wani 45. A bakin ƙofa akwai ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi, a ciki makullin gidan yake. Ka buɗe ka shiga, ka tarar da tsohuwa daga ita sai talabijin. Wanka, shayi, magani, ka rubuta a waya, ka fita da gudu kada bas ta wuce. Wasu sau huɗu a yini ake leƙa su, kuma ba lallai mutum ɗaya ba. Mai ciwon ƙafa wannan ya ishe shi. Mai gigin tsufa kuwa, a wurinta kullum baƙuwa ce ta faɗo mata ɗaki tana cewa ta tuɓe. Akwai wadda ta jefe ni da kofi, wallahi ban ga laifinta ba.

In abin ya fi ƙarfin haka sai gidan tsofaffi, inda nake yanzu. Akwai mai nas dare da rana, akwai wanda mu masu kula ne kawai. Hukumar CQC ke bincikar su tana ba da maki hawa huɗu, kowa zai iya dubawa a intanet kafin ya kai iyayensa. Kaya kam ba a magana: gado mai sauka har dab da ƙasa, shimfiɗa mai ƙararrawa da ke kiranmu da zarar tsoho ya sauko da ƙafa, injin ɗaga mutum zuwa wanka. Sai dai kada jin ana cewa asibitin gwamnati na NHS kyauta ne ya ruɗe ka, magani daban, zaman kula daban. Wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa, kuma sau da yawa har gidansa ake sakawa a lissafi in ba mata ko miji a ciki. Kuɗin mako guda yakan wuce fam 1,000.

Da duk wannan kayan, makonnin farko na sabon zuwa su ne mafi wuya. Mutumin da a gidansa yake kai kansa banɗaki ko a duhu, a nan sai ya tsaya tsakiyar falo yana dube-dube har ya jiƙa wando. Da la'asar sakaliya abin yake tashi. Muna da wata da ta haura 80, ƙarfe uku na yi za ta saka rigar sanyi ta rungumi jaka, wai za ta ɗauko yara daga makaranta. Yaran sun yi jikoki. Ba ma ƙaryata ta, sai mu ce akwai saura, zo mu sha shayi tukuna. Akwai kuma wani dattijo ɗan Pakistan, shekaru aru-aru yana tuƙa bas a garin nan, yanzu Turancin ya gudu, sai yarensu na gida. In ba ma'aikacin da ke ji, haka zai yini ba wanda ya san ruwan alwala yake nema. Da Maman Ummi da ke kula da ita ta ce min Inna ta koma yi musu Fillanci, shi na fara tunawa. Wa zai amsa mata a Abuja?

A Holan, a garin Weesp kusa da Amsterdam, har wata unguwa suka gina musu a 2009, Hogeweyk, da kanti da gidan abinci, don kawai tsoho ya ji kamar a unguwa yake. Inna tana da nata: ladanin da ta san muryarsa, randarta, mai kanti da ya dawo mana da ita ran da ta kama hanyar tsohuwar kasuwa ba takalmi.

Inda suka fi mu shi ne hutun mai jinya. Ni awa 12 nake yi in miƙa wa wata in je in yi barci. Akwai cibiyoyin yini da ake kai tsoho da safe a ɗauko da yamma, akwai kwanan mako ɗaya ko biyu a gidan tsofaffi don iyali su huta. Ɗan'uwan da ke kula aƙalla awa 35 a mako ma gwamnati na ba shi ɗan alawus, ko fam 100 a mako bai kai ba, amma dai an san aiki yake yi. Maman Ummi fa? Ga goyo, ga girki, ga Inna da ke tashi ƙarfe biyun dare tana haɗa kaya. Mu sai "Allah Ya ba da lada" a waya.

Shawarata, a fara kai Inna Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, don ciwon fitsari ko suga kaɗai kan ƙara rikita tsoho. Gigin tsufan kansa ba a warkewa, sai dai a sassauta. Kuɗin da za ka kashe a jirgi, mu haɗa mu ɗauki mace mai jin Fillanci ta riƙa kwana da ita, famfas ɗin manya kuma na ɗauki nauyinsa duk wata. A ɗauke ashana da tukunyar gas daga kusa da ita. Kada a kulle ta a ɗaki, ƙofar zaure za a yi wa sakata can sama. Ka ce Auta ya turo min hoton dakalin banɗakinta, in zana ƙarfen riƙewa irin na nan, mai walda zai iya haɗa shi.

Ƙanwarka.