Nazarin daidaito a kasuwa, a tafki da a kamun kifi: inda suka haɗu da inda suka rabu

Wani ɗan'uwanmu mai karatun digiri na biyu ya yi tambaya: nazarin daidaito da ya koya a ajin tattalin arziki, shi ne wanda masu binciken muhalli da na halittu suke yi, ko suna ne kawai ya zo ɗaya? Kuma zai iya ɗauko dabarar tattalin arziki ya yi aiki da ita a binciken muhalli da na halittu?

Malam, lissafin ɗaya ne. A duka ukun za ka rubuta abin da ke ƙara adadi da abin da ke rage shi, ka nemi inda suka zo daidai, sannan ka ɗan ture adadin daga wurin ka ga ko zai dawo. Lemon da ke cikin ƙwarya da wanda aka ɗora a bayan ƙwaryar da aka kife duk a tsaye suke, amma ɗaya ne kawai zai koma mazauninsa in an taɓa shi. Inda fannonin suka rabu shi ne abin da ke jawo adadin ya dawo, da tsawon lokacin da dawowar ke ci. Alƙaluman misalan da ke tafe na koyarwa ne.

A kasuwa farashi ne ke jawowa. A ce albasa ce, kuma F shi ne farashin buhu a dubban naira. Masu saye suna ɗaukar buhu 1000 − 20F, manoma suna kawo 100 + 10F. Ka daidaita su, F ya zama 30, buhu 400. Ɗalibai da yawa a nan suke ajiye biro, alhali ba a gama ba. Manomi da farashin bara yake yanke shawarar shukar bana. In farashi ya kai 40, baɗi za a kawo buhu 500, farashi ya faɗi zuwa 25. Sai a rage shuka zuwa 350, ya tashi zuwa 32.5, sannan 28.75. Kowace shekara tazarar da ke tsakanin farashi da 30 tana raguwa da rabi, saboda 10 ɗin manoma bai kai 20 ɗin masu saye ba. Da manoma sun fi masu saye saurin juyawa da farashi, da hawa da saukar sai ƙaruwa za su yi. Masanin tattalin arziki Mordecai Ezekiel ya zayyana wannan a 1938. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki kasuwar albasa ita kaɗai, kamar yadda tsarin masanin tattalin arziki Alfred Marshall ya yarda, a manta cewa kuɗin taki da na mota da farashin tumatir suna motsa lissafin masu saye da na manoma.

A kimiyyar muhalli babu mai yanke shawara, shiga da fita ne kawai. Tafki mai ruwa mita kubik 1,000,000, kullum 10,000 na shiga, 10,000 na fita, masana'anta na zuba gurɓataccen sinadari kilo 50 a rana. In sinadarin ba ya ruɓewa, zai tsaya a kilo 50 cikin mita kubik 10,000, wato miligiram 5 a kowace lita. Ruwan yana kwana 100 a tafkin kafin ya fita, kuma sai an yi kusan ninki uku na hakan, kwana 300, kafin a kai kashi 95 cikin ɗari na daidaiton. Wanda ya ɗebi ruwa bayan wata ɗaya ya ce lafiya lau, ya yi gaggawa. Lissafin yana lalacewa in ruwan bai gauraya ba, ko in rani ya yanke fitar, ko in laka ta ƙasa ta sha sinadarin tana sake shi a hankali, kamar yadda fosforas ke yi shekaru bayan an toshe bututu.

Ilimin halittu ne ya fi wuya, kuma nan nake so ka fi zuba ido. Haihuwa da mutuwa ne ke jawowa, kuma daidaiton yakan fi ɗaya. A ce ruwa na iya ɗaukar kifi tan 1000, ƙaruwar shekara kuma 0.4 × N × (1 − N/1000), inda N shi ne yawan kifin da ke ruwan a tan. Ƙaruwa ta fi yawa a tan 500, inda take tan 100 a shekara. In masunta suna cire tan 75 duk shekara, wurare biyu ne ƙaruwa ke daidai da kamu: tan 750 da tan 250. Na 750 mai dawowa ne. Na 250 bakin rami ne, domin da zarar kifi ya yi ƙasa da shi, kamu ya fi haihuwa, sai ƙarewa. In aka ɗaga kamu zuwa tan 100 cif, wuraren biyu sun haɗe a 500, shekara ɗaya mara kyau ta isa ta jefa kifin ƙasa. Shi ya sa ba a sa ƙa'idar kamu a kan ƙololuwa, a ƙasa da ita ake sawa.

An ga wannan a zahiri. Ƙasar Peru ta kama ƙananan kifin anchoveta sama da tan miliyan 12 a 1970. Ruwan teku ya yi ɗumi da zuwan sauyin yanayin tekun Pasifik da ake kira El Niño a 1972, kamun 1973 bai kai tan miliyan 2 ba. Kanada ta hana kamun kifin kod a gaɓar arewa maso gabashin tsibirin Newfoundland a 1992, ba ta ɗage haramcin a hukumance ba sai 2024. Farashi kan juyo cikin damina ɗaya ko biyu, amma kifin da ya faɗa ƙasa ba ya komawa ta hanyar da ya sauko don kawai an janye raga. Wannan ne masanin ilimin halittu C. S. Holling ya jawo hankali a kai a 1973: auna girman bugun da tsarin zai iya sha bai sauya kama ba.

Akwai ma inda daidaiton ba ya samun zama. James Ellis da David Swift sun yi aiki da makiyayan Turkana a Kenya, suka nuna a 1988 cewa a busasshiyar makiyaya ruwan sama ne ke yanke yawan ciyawa fiye da bakin dabba, fari kuma yana rage garke tun bai kai iyakar da lissafi ya ba shi ba. Wannan ya shafi Sahel kai tsaye. Wanda zai ce hekta kaza na ɗaukar shanu kaza a arewacin Damagaram, sai ya faɗi wace shekara yake nufi.

To, za ka iya aro dabarar, da sharaɗi uku. Ka nemo duka wuraren daidaito, kada ka tsaya a na farko. A kowanne ka ƙara kashi 10 cikin ɗari, ka rage kashi 10, ka bi lissafin na shekaru ka ga ina ya nufa. Sannan ka gwada lokacin dawowa da tazarar da ke tsakanin fari da fari, ko ambaliya da ambaliya, a wurin bincikenka. In dawowa na cin shekara 15 amma fari na zuwa duk shekara 5, ka ajiye lissafin daidaito, ka saka alƙaluman ruwan sama na shekara-shekara a kwamfuta ka bi garken da su.